Gwangwanayen Malam Goma Sha Ɗaya

Na Allah ne mu duka, Malam ya riga mu komawa ne kawai. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Dutse, yana zaune a kujera, tabarau a hancinsa. An yi masa sutura bayan azahar.

Ni ɗalibarsa ce, ba 'yar'uwarsa ba. Ya koyar da ni shekara uku a kwalejin da ya yi aiki, bayan na gama kuma na ci gaba da zuwa gaishe shi duk ƙarshen wata. Kwana ukun zaman makoki na yi su ne a ɗakin matarsa, wadda muke kira Inna. Wurin da na samu na zauna yana ƙarƙashin taga, tagar kuma tana kallon rumfar da aka kafa wa maza a ƙofar gida. Don haka duk abin da aka faɗa a kansa ya shigo kunnena, ina so ko ba na so.

"Farfesa ya tafi," in ji wani malamin kwalejin. "An yi rashin farfesa."

Malam ba farfesa ba ne. Ko digirin dakta bai ƙarasa ba. Mai maganar ya san haka, domin yana cikin waɗanda suka zauna har sau uku suka hana shi ƙarin girma.

Wani ya karɓe: "Ai littafinsa har a Ingila ana karantawa."

Babu wani littafi. Shekara talatin yana shirin rubuta shi, bai rubuta ba.

Na uku ya ce, "Ga sauƙin kai. Kowa nasa ne. Ba za ka taɓa jin ya ɓata wa wani rai ba."

A nan ne Inna, da take zaune a tabarma da carbi a hannu, ta ɗago kai ta dubi matan da ke ɗakin.

"Wa ya sake mutuwa?" ta ce.

Mata suka sunkuyar da kai, wasu suka cusa bakin mayafi a baki.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Dakta. Kukansa irin na mai jiran a ba shi haƙuri ne: in an yi shiru ya tsaya, in sababbin baƙi suka iso ya ɗora daga inda ya tsaya. Yayana ne, ubana ne, malamina ne, haka ya yi ta jerowa. A rana ta uku, bayan an shafa addu'a, na ji ya rage murya yana cewa ƙanen Malam, "Alhaji, takardun marigayi amana ce a wuyanmu. Kada a bari kowa ya taɓa su sai na zo."

Tun daga lokacin na daina jin sauran maganganun. Na san abin da ya kawo shi. Gwangwanayen biskit ne guda goma sha ɗaya, a jere a ƙarƙashin gadon Malam, kuma duk abin da ya yi a duniya yana cikinsu. Ina rubuta wannan ne domin kada a manta da shi, domin kuma kada a musanya mana shi da wancan mutumin kirki mai fara'a da aka ƙirƙira a rumfa.

Malam ɗan wani ƙauye ne a yankin Buji. Ya yi karatun adabin Turanci, ya ɗan zauna a Ingila, ya dawo da akwati biyu na littattafai da wani ra'ayi game da kansa wanda bai taɓa sauka ba. Fanninsa shi ne ƙagaggun labaran da Turawan Ingila suka rubuta a ƙarni na sha tara, zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan gado, irin masu kaurin da za a iya tokare ƙofa da su. Da aka yi jiha, Dutse ta zama babban birni, sai aka ce 'yan asali su dawo gida. Ya dawo, ya tarar babu sashen adabi a kwalejin, babu kuma niyyar buɗe shi. Aka rasa inda za a ajiye shi, sai aka ba shi ɗaliban kimiyya ya koya musu rubuta rahoto.

Bai ɓoye mana cewa ya raina aikin ba, bai ɓoye cewa ya raina mu ba. Ranar farko ya shigo, ya ajiye gilashin ruwa a kan tebur, ya ce kowa ya rubuta layi biyar a kansa. Ya tattara takardun, ya tsaya yana karantawa a gabanmu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta wani ɗan garin Taura, mai yawan surutu, ya dube shi ta saman tabarau.

"Ka ce ruwan yana da tsabta sosai."

"Haka ne, Malam."

"Sosai nawa ne?"

"Malam?"

"Sosai ɗin. Nawa ne? Da me ka auna? Mudu ko tiya?"

Aji ya fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba.

"Daga rijiyar bayan ɗakin kwanan maza na ɗebo shi. Zo ka shanye, tunda yana da tsabta sosai."

Ɗan Taura bai tashi ba. Daga ranar kalmar ta mutu a ajinmu. Har yau in ɗalibata ta rubuta ta, hannuna yana kai wa ga jan biro kafin in yi tunani.

Yadda yake koyarwa ba a taɓa yin irinsa a kwalejin ba, kuma ban ce kowa ya so shi ba. Zai buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin littattafansa ya karanta mana shafi guda, inda marubucin yake siffanta wani lungu na talakawa, da kwatarsa, da hayaƙinsa, da famfon da unguwa duka ke sha. Ya rufe littafin ya ce, "Wannan mai ƙaga labari ne, ƙarya ce sana'arsa, amma in na ba ku wannan shafin za ku iya zana lungun. Ku da kuke cewa ku masu kimiyya ne, na karanta rahotonku shafi goma ban san ko kwalbar a buɗe take ko a rufe ba." Sai ya kore mu waje, mu je mu tsaya a bakin kwatar da ke bayan kicin ɗin kwaleji, mu rubuta. Mutane na wucewa suna kallonmu, mu talatin da wani abu, muna leƙen kwata da littafi a hannu.

Abin da yake bincike a kai ke nan: yadda waɗancan marubutan suka rubuta ruwa da datti da cuta a lokacin da garuruwansu suka kumbura farat ɗaya. Yana ganin abin da ke faruwa da Dutse ke nan a idonsa, ƙauye a gindin duwatsu da aka wayi gari an cika shi da ma'aikata da motoci, ba a tanadar musu inda ruwan wankinsu zai bi ba. Ba ya rubutu a littafi. A kan ƙananan katuttuka yake yi, girman tafin hannu, waɗanda aka yanka daga kwalin sabulu da na sukari. A fuskar kati yakan kwafi jimla ɗaya daga littafin Bature, da lambar shafi. A bayansa kuma ya rubuta abu ɗaya da ya gani a gari a ranar, layi biyu ko uku, duka da Turanci. Kati ɗaya a rana, bayan sallar asuba. In gwangwani ya cika ya rufe, ya buɗe sabo.

Na taɓa tambayarsa yaushe zai haɗa su su zama littafi. Sai da na yi mako guda ina shirya tambayar.

"Ranar da aka haifi mai karantawa," ya ce.

Ban ce amsar ta burge ni ba. Girman kai ne, kuma ina jin akwai tsoro a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana zana ja a kan rubutun mutane bai so nasa ya shiga hannun mai jan biro ba.

Rigimarsa da Dakta ta fara ne a shekarata ta biyu. An ba mu gwajin gano sitaci a cikin abinci: a ɗiga wani sinadari a kan dankali, in ya koma shuɗi mai duhu to akwai sitaci. Sinadarin ya ƙare a ɗakin gwaje-gwaje tun kafin mu shigo kwalejin. Abin da ke cikin kwalbar ruwa ne da aka ɗan rina. Kowa ya sani. Al'adar ita ce a ɗiga, a kalli dankali yana nan fari tas, a koma a kwafi abin da littafi ya ce. Haka waɗanda suka gabace mu suka yi, haka aka ba su maki.

Ni ba jarumta ce ta hana ni ba. Ina tsoron Malam ne fiye da yadda nake tsoron faɗuwa. Na rubuta cewa na ɗiga sau uku, na jira minti biyar kowane karo, launi bai sauya ba, kuma ina zargin abin da ke cikin kwalbar.

Malam, wanda shi ke duba rahoton, ya kayar da ajin gaba ɗaya. Ni kaɗai na tsira, da maki ɗaya a saman faɗuwa. A gefen takardata ya rubuta, "Wane irin dankali?"

Dakta ya zo har ajin, babbar riga na jan ƙasa.

"Haba Malam, ka taimaka. Yaran nan sun rubuta amsar da take daidai."

"Daidai a ina?"

"A littafi mana."

"To ka ba littafin maki. Ni waɗannan aka ce in gwada."

"Kana so a ji a waje cewa ba mu da kayan aiki?"

"Dakta, dankali ma ya ji."

Aka kai magana gaba, aka zauna, aka mayar wa kowa makinsa ban da sa hannun Malam. Sinadarin kuwa har na gama ba a sayo ba.

Bayan shekara guda sai ga maƙala a mujallar kwaleji da sunan Dakta, a kan koyar da rubutun kimiyya ta hanyar adabi. Mu da muka zauna a ajin Malam mun gane kowane layi. Laccocinsa ne, daga littafin wani ɗalibi aka kwashe, har da misalin rijiyar Aujara da yake yawan kawowa. Na zaci zai kai ƙara. Bai kai ba. Ya ɗauki mujallar ya bi ta da jan biro kamar aikin ɗan aji ɗaya, ya aika wa Dakta ofis. A ƙarshe ya rubuta cewa akwai kuskure a shafi na huɗu wanda nasa ne, ya gyara shi tun bara, ya kamata mai kwafa ya nemi littafin ɗalibin da ya fi zuwa aji. Da wannan maƙalar aka ƙara wa Dakta girma.

Alherin da Malam ya yi mini guda ɗaya ne da zan iya nunawa da yatsa. Ranar kare aikina na ƙarshe, na tsaya a gaban malamai biyar, murya ta ƙi fita. Haka nake tun ina ƙarama. Na buɗe baki, na rufe. Na ji wani yana cewa, "In ba za ta yi magana ba a kira na gaba." Sai Malam ya miƙe, ya karɓi kundin daga hannuna ba tare da ya dube ni ba, ya tsaya ya karanta musu babi na huɗu tun daga farko har ƙarshe, da muryar da yake karanta littattafan Turawansa. Da ya gama ya ce, "Akwai wanda bai gane wani abu ba?" Babu. "To me kuke so ta ƙara? Waƙa?"

Da na je yi masa godiya ya ce jadawalina na uku ya karkace.

Da aka fara shari'a a jiharmu, Malam bai ce komai ba. Mutum ne mai sallah a kan lokaci tun kafin a fara duba waye yake zuwa masallaci. Dakta ne ya sauya. Cikin wata biyu wandonsa ya ɗage, gemu ya fito, ya zama shugaban kwamitin tace littattafan laburare. Mutanen kirki da yawa sun yi murna da shari'a da zuciya ɗaya, na san su, mahaifina yana cikinsu. Dakta ba ya cikinsu. Shi ya hango inda kujeru suke ne. Kwamitinsa ya kwashe littattafan da Malam ya ba laburare kyauta, aka ce akwai giya da rawa da zancen mata a ciki.

Malam ya je ofishinsa da takarda da biro.

"Na zo a faɗa mini shafi."

"Wane shafi?"

"Inda abin yake. Littafi da shafi. In rubuta."

"Malam, ai ba sai an karanta ba. An san abin da Turawa ke rubutawa."

"Ka taɓa ganin alƙalin da ya yanke hukunci bai ji shaida ba? Kai ne na farko. Allah ya sa kai ne na ƙarshe."

Bai sami littattafan ba. An kulle su a sito, gara ta yi musu karatun da kwamiti bai yi ba.

Wannan Daktan shi ne mutumin da ya yi kuka a rumfa, wannan kuma shi ne mai cewa takardun amana ce a wuyansa. Yana neman zama farfesa, ana bukatar littafi, ga littafi a cikin gwangwani, marubucin ya mutu.

Ban san akwai haɗari na biyu ba sai da na koma gaishe da Inna bayan mako biyu. Ƙanen Malam, wanda yaran gidan ke kira Baffa, ɗan kasuwar hatsi ne, bai yi boko ba, kuma bai taɓa yafe wa yayansa kallon da yake yi masa ba. Labarin kwamitin laburare ya kai kunnensa. Ya yanke cewa abin da ke cikin gwangwanayen zancen giya da mata ne, kuma muddin suna duniya nauyinsu yana kan mamaci a kabari. A ƙona su, shi ne gatan da za a yi masa. Shi aƙalla da gaske yake. Bai buɗe ko ɗaya ba, ko ya buɗe ba zai iya karantawa ba, amma da gaske yake.

Ɗaya zai sace, ɗaya zai ƙona. 'Ya'yan Malam uku kuwa, babu wanda ya damu. Babban yana kasuwanci a Haɗeja, abin da yake so ya ji shi ne gida da gona.

Aka sa ranar rabon gado bayan arba'in. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, shafi ɗaya da rabi, na gyara shi sau huɗu: mene ne katuttukan, me ya sa ba a raba su, me ya sa bai kamata su shiga hannun Dakta ba. Na ninke na sa a jaka.

A tsakar gida aka zauna. Limamin unguwa ne mai rabo, dattijo mai magana a hankali. Inna tana takaba, don haka tana daga cikin ɗaki, labule a sake, ni ina gefenta. Aka gama da gida da gona da tsohuwar motar da ta shekara biyar a kan duwatsu. Sai aka fito da gwangwanayen aka jera a tabarma.

Dakta, wanda ba magaji ba ne kuma ba wanda ya gayyace shi, ya gyara murya. "Allah gafarta Malam, waɗannan ba kayan gado ba ne. Aikin kwaleji ne. Marigayi ya rubuta su yana ma'aikacinmu. Zan tafi da su a adana."

"A adana a ina?" in ji Baffa. "Ba kai ka ce littattafan nan haramun ne ba? Da bakinka?"

"Alhaji, wannan bincike ne. Daban ne."

"Binciken haramun halal ne? Ni wuta zan sa musu, in sauke wa ɗan'uwana kaya."

Babban ɗan ya ce shi dai in akwai rigima a raba kowa ya ɗauki nasa, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, kowa ya yi abin da ya ga dama da rabonsa. Har ya fara tura gwangwani ɗaya gefe da ƙafa.

Liman ya juyo wajen labule. "An ce akwai ɗalibarsa a ciki, wadda ta san abin da ke cikinsu. Malama, ko za ki ce wani abu?"

Takardar tana hannuna. Na buɗe ta. Ina ganin rubutuna sarai, layi bayan layi. Na ce, "Allah gafarta Malam," daga nan ban ƙara ko harafi ba. Ina jin Dakta yana cewa a bar ta, yarinya ce mai kunya, shi ya san ta. Shekaruna talatin da ɗaya a lokacin, ina koyar da aji shida. A cikin duk waɗanda na raina a wannan rubutun, ban cire wadda ta zauna a bayan labule da takarda a hannu ba.

Inna ta dube ni, ta dubi takardar, ta yi tsaki. Sai ta ɗaga murya, ba tare da ta motsa daga inda take ba.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Abin da ba na mamaci ba ne yana shiga gado?"

"Ba ya shiga, Hajiya."

"To a tambayi Dakta, kwalin nan kwaleji ce ta saya?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Sabulu da sukari nake sayarwa tun kafin a haifi wancan mai tura kaya da ƙafa. Kwalayena ne. Ni nake yanka su da almakashina, talatin talatin duk wata, in ya ga ɗaya ya karkace ya jefo mini. Gwangwanayen kuma na biskit ɗin da nake sarowa ne. Ban sayar masa ba, ban ba shi kyauta ba, bai taɓa tambaya ba balle ya gode. Tawada ce kaɗai tasa. Ku kankare tawadarku ku raba."

Baffa ya ce, "Haba, matar yaya, ana maganar lahira kina maganar kwali?"

"Kai dai Alhaji ƙarami, da ka damu da lahirarsa da ka zo duba shi da yana jinya. Wuta kuma in kana sha'awa, ga murhu can, ka hura mana, baƙi sun yi yawa."

Dakta ya fara wani bayani a kan haƙƙin ilimi da al'umma. Liman ya ɗaga masa hannu. Ya tambayi 'ya'yan ko sun san mahaifiyarsu ce ke yanka kwalayen. Duka ukun suka ce sun sani, da shi suka tashi. Ya ce to magana ta ƙare, kayan Hajiya ne, a mayar mata ɗaki. Dakta ya tashi ba sallama. A ƙofa aka ji yana cewa an bar ilimi a hannun jahilci.

Shekara bakwai ina ganin katuttukan nan. Na san girmansu, na san yadda yake jera su, na san irin biron da yake so. Ban taɓa tambayar wa yake yanka su ba. Malam ma bai taɓa ambata ba. In zancenta ya taso yakan ce, "Ita ba ruwanta da waɗannan abubuwan."

Da mutane suka watse na taimaka aka tura gwangwanayen ƙarƙashin gadonta. Na daɗe ina juya magana, sannan na ce, "Inna, in kin yarda, ni zan iya ajiye su. Zan kula da su."

"Ke ma ɗauka kika zo yi?"

"A'a, Inna, ni dai..."

"Ko ɗaya ba zai fita daga ɗakin nan ba. Kowa ya zo da kyakkyawar niyyarsa, kowa da buhunsa." Ta ja carbinta. Can ta ce, "Kina da aiki ranar Alhamis da la'asar?"

"Ba ni da shi."

"To ki riƙa zuwa. Ki karanta mini, ki juya da Hausa. Ba na Turawan ba, su ba su dame ni ba. Na bayan. Ina so in ji abin da ya hana shi magana da mutane shekara talatin."

Haka muke yi har yanzu. Ina zama a bakin gado, tana tsinkar zogale ko tana ƙulla sukari, ina ɗauko kati ina juyawa. Akwai mai ga-ruwa da ya wanke ƙafarsa a cikin garwar da zai sayar. Akwai kwatar da ta ratsa ta gaban wani sabon ofishi, aka dasa mata furanni a baki. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta ce ta san gidan da yake nufi. Sau da yawa sai dai ta ci gaba da aikinta.

A Alhamis ta shida muka kai shekarar da aka yi amai da gudawa a unguwarsu. Katuttukan wannan watan gajeru ne: gida kaza an fitar da biyu, rijiya kaza an rufe. Sai na ɗauko wani, na karanta a zuci, na yi niyyar tsallakewa.

"Me ya ce?"

"Ya ce, wata mace tana tace ruwan rijiya da mayafi ninki biyu kafin ta tafasa. A gidan ba wanda ya kwanta."

Ta ajiye tiren da ke cinyarta.

"Wata mace."

Ta nuna waje da hannu.

"A tsakar gidan nan ne. Yana zaune a can, a kujerar nan, yana kallona. Wata mace." Ta karɓi katin ta juya shi, ta ga tambarin sabulun da ya ɗan fito a gefe, ta miƙo mini. "Kuma ba mayafi ba ne, ɗankwali ne. Ninki huɗu. Da biyu na yi da ba ki same shi a raye kin yi karatun ba. Gyara."

"Inna, rubutun Malam ne."

"Kwalina ne. Kina da biro ko ba ki da shi?"

Jan biro ne kaɗai a jakata, na gyaran aikin ɗalibai. Na ɗora katin a gwiwa. Na ja layi a kan kalma uku, na rubuta na daidai a sama, ƙanana, yadda ya koya mana. A kan ta farkon na tsaya na tambaye ta me zan sa.

"Sa matarsa," ta ce.

Na sa. Ta karɓa ta daɗe tana kallon jan, ita da ba ta karanta ko ɗaya daga ciki.

"Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya huta," ta ce. "Mutum shekara talatin a gida ɗaya, bai iya ƙirga ninkin ɗankwali ba. Ɗauko na gaba."